Ina yaran Yalwawa suke zuwa hutu? (ZARE)

1/
An ba da dogon hutu, duk gidan da yake da ƙananan yara a Dutse ya koma kamar kasuwar Shuwarin. Kafin iyaye mata su gama zaucewa, bari in yi muku zare kan tarihin shi kansa hutun nan: daga ina ya zo, kuma me ya sa kakanninmu ba su san wahalarsa ba. Da ɗan tsawo fa, ku gyara zama.

2/
Maganata ɗaya ce. A da, hutu lokaci ne da yaro yake barin hannun uwarsa ya shiga hannun dangi. Yanzu abin ya juye, hutu shi ne lokacin da yara suke dawowa kacokan kan uwa ita kaɗai. Kuma a Dutse ana iya ƙirga shekarun da abin ya juya, don garin a gaban idon iyayenmu ya girma.

3/
Mu fara daga kafin boko. Dutse tsohon gari ne, Dutse Gadawur. Tarihin Kano ma ya kawo yaƙin da Sarkin Kano Kumbari ya yi da Dutse tun a ƙarni na 18. Amma garin shi ne Garu da ke tsakanin duwatsu da 'yan unguwannin da ke kewaye da ita. Saura duk gonaki ne da dabino.

4/
Yaron wancan lokaci makarantar allo ya sani, kuma ita ma tana da hutunta. Ranar Laraba a kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a ajiye allo. Malamai suna ba da labari cewa tun zamanin Sayyadina Umar aka ware wa yara waɗannan ranakun. Sai kuma hutun Sallah Ƙarama, Sallah Babba da Maulidi.

5/
Wato wata ne yake ba da hutu. Abu na biyu kuma damina. Da ruwa ya sauka, almajirin da ya bi malaminsa cin rani zai dawo gida, karatu ya koma asuba da dare, rana kuma ta gona ce. Yaro ɗan shekara bakwai yana da aikinsa: kai abinci gona, kiwon awaki, korar tsuntsaye idan gero ya fara ido.

6/
To ƙananan fa, 'yan biyu zuwa biyar, waɗanda su ne suke hana mu barci yanzu? Nan ne labarin yake. Tafiyar farko da yaron Bahaushe yake yi a rayuwarsa ita ce yaye. Idan ya kusa shekara biyu sai a ɗauke shi a kai shi gidan kaka ko gwaggo, ya yi kwanaki ko makonni har ya manta da nono. Wani ma daga nan ba ya dawowa, ya zama ɗan riƙo.

7/
Ɗan fari kuwa ba a magana. Uwa tana kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane. Mu yanzu muna ganin abin kamar rashin tausayi, amma ku duba aikin da kunyar take yi: tana tilasta wa sauran gida su ɗauki yaron. Yarinyar da ta haihu tana da ƙuruciya ba a bar ta da ɗawainiyar ita kaɗai ba.

8/
Wanda yake son ganin wannan a rubuce ya nemi littafin Baba ta Karo, wata dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya, ta aurar. A wancan tsarin, rashin haihuwa bai hana mace zama uwa ba, yawan haihuwa kuma bai bar mace ita kaɗai da tarin yara ba.

9/
Akwai kuma Enid Schildkrout, Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, da ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970. Ta nuna cewa matan kulle da yara suke sana'a: yaro ne ɗan aike, mai talla, mai cefane, mai kai labari daga gida zuwa gida. Ga uwa a lokacin, yaro a gida ƙarin hannu ne. Shi ya sa kakata har ta rasu ba ta fahimci abin da ake nufi da "yara sun dame ni da hutu" ba.

10/
Sai boko ta zo da kalandarta. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano tun 1909 take, amma shekaru da yawa 'ya'yan sarakai da na ma'aikatan En'e ne suka fi shiga. A nan yankinmu wanda ya yi nisa shi ne ya je makarantar kwana ta Birnin Kudu, wadda Aliko Ɗangote ma ya yi. Su ne mutanen farko da aka ce "sun zo hutu", da akwatin ƙarfe da farin wando.

11/
Talaka bai shiga lissafin sosai ba sai a Satumbar 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, firamare kyauta ga kowa. Daga nan ne ƙauye ya san akwai zango uku da hutu uku: Disamba, wajen Afrilu, da dogon hutu. Tsarin Ingila ne aka ɗauko, Kirsimeti da Ista da lokacin zafinsu. Ba don mu aka yanka shi ba.

12/
Amma an yi dace. Dogon hutun yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar daminar Jigawa ke nan. An gama noman firi, ana maimai, Agusta na zubar da ruwa, kafin a koma makaranta gero ya nuna. Manomi ya samu yaransa daidai lokacin da yake buƙatarsu. Ina ganin da hutun a rani yake faɗowa, da an fi haka faɗa da malaman firamare.

13/
Inda ba a yi dace ba shi ne wata. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka azumi da Sallah suna yawo a cikin zangon karatu, sai bayan shekara 33 suke dawowa inda suka tashi. A 1991 an yi Sallah Ƙarama a tsakiyar Afrilu. A 2024 an yi ta 10 ga Afrilu. Zagaye guda cif, tsawon rayuwar Jigawa.

14/
Har gobe kalandun nan biyu ba su daina karo ba. Kun tuna surutun da aka yi a 2025 da Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu lokacin azumi, CAN ta yi ƙorafi, aka yi ta musu a nan? Tsohuwar rigima ce ta sake sabon kaya.

15/
Yanzu mu dawo gida. 27 ga Agusta 1991, Babangida ya cire Jigawa daga Kano, ya ce Dutse ce hedikwata. A tsakiyar dogon hutu kuwa. Aka kwaso ma'aikata daga Kano aka kawo garin da ba shi da gidajen da za su ɗauke su. Mutanen Haɗejia, Gumel, Kazaure, Ringim, Birnin Kudu, kowa da jakarsa.

16/
Da yawansu ba su taho da iyali ba. Uba ya kama ɗaki a Dutse, Litinin ya zo, Juma'a ko ma Alhamis ya kama hanyar Wudil. Yara suna Kano suna ganin uba kwana biyu a mako. Sai aka samu wani sabon abu: yaran da suke zuwa hutu wurin babansu, a garin da ba su da kowa sai shi.

17/
Mu muna cikin waɗanda aka taho da su da wuri. Abbanmu ya ce shi ba zai raba tukunya biyu ba. Muka sauka a Yalwawa ina ƙarama, lokacin idan ka fita bayan layinmu gona za ka taka. Maƙwabtanmu kowa daga garinsa ya zo. Babu kaka a gidan, babu gwaggo, babu baffa. Ummanmu ce mace ta farko a danginsu da ta yi goyo ba tare da wata babba a tsakar gida ba.

18/
Zamanin Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, aka rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwan jihar, Dutse ta ƙara yin shiru. Sule Lamido da ya hau a 2007 ya dawo da su, aka gina sabuwar sakatariya da rukunin gidaje, aka matsa wa ma'aikata su zauna. A 2011 jami'ar tarayya ta zo, a 2014 filin jirgi. Gonakin Yalwawa, Takur, Fagoji da Ɗanmasara suka koma fuloti.

19/
To mu 'yan tsakiyar nan, na 1991 zuwa wajen 2010, mu muka ci moriyar duka biyun. Muna da boko, kuma muna da "gida". Ranar da aka ba da sakamako, washegari an cusa mana kaya a Ghana-must-go, an haɗa da sabulu, sukari da ganyen shayi na tsaraba, an sa mu a mota sai ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa.

20/
Tun daga zaure Iya za ta fara: "Ga kishiyata ta zo cinye min tuwo. Ina mijin nawa, ko shi ma bokon ta hana shi noma?" Ƙanena ke nan, yana da shekara huɗu. Wasan jika da kaka ba raha ce kawai ba. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya kalli ubansa ya samu babba guda da zai ja wa zane ya kwana lafiya. Abin da ba za ka iya faɗa wa Umma ba, Iya za ka faɗa wa.

21/
Sati shida babu wanda ya tambaye mu littafi. Da safe koko ko ɗumame, sai rakiyar masu kai abinci gona. Idan an yi ruwa da dare a fita kamun gina. Can ƙarshen hutu a gasa mana tumu, a dafa ɗanyar gyaɗa. Mata mu koyi surfe da tankaɗe ko muna so ko ba ma so, maza su bi awaki. Da daddare a baje tabarma, Gizo da Ƙoƙi su fito. Idan ka nemi tatsuniya da rana a ce za ka ɓata.

22/
Wani abin lura: tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa a littafi, Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara nasa don 'yan makaranta a shekarun 1970. Amma ni ban san wanda ya koyi tatsuniya daga takarda ya iya ba da ita ba. Muryar Gizo da tsamin bakinsa sai a bakin tsohuwa.

23/
Kada wani ya ce ina wanke da. Ba aljanna ba ce. Agusta watan sauro ne, kusan duk hutu sai wani ya kwanta da zazzaɓi. Kududdufi ya ci yara. Ɗan riƙo da yawa bauta ya yi a gidan da aka kai shi, kuma ba shi da bakin faɗa. Hutun 'ya mace kuma sau da yawa sunansa talla. Duk wannan gaskiya ne.

24/
Abin da nake cewa shi ne, a sati shidan nan Ummanmu tana hutawa. Ta yi kitso a nutse, ta je unguwa, ta yi barcin rana, daga ita sai na goye. Mu kuma mu dawo mun san wane ne kawu, wane ne baffa, wace ce gwaggon Abba, waye taubashin da za mu tsare da kuɗin shara ranar cika-ciki.

25/
Sallah kuwa nata tsarin daban, don ita a gari aka fi jin daɗinta. Tun azumi ya kai goma yara suke fita tashe bayan shan ruwa, gida-gida, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Yaro ya sa gemun auduga ya zama tsoho, yarinya ta ci ɗamara ta zama uwar gida. A cikin wasa suke caccakar malami mai kwaɗayi da miji marowaci, manya suna dariya suna jin saƙo.

26/
Waɗanda suka yi yarinta a 2010 zuwa 2013 ku gode wa Allah. Azumi a cikin dogon hutu ya faɗo muku. A 2011 watan Agusta kusan gaba ɗayansa azumi ne. Babu tashin safe don makaranta, babu aikin gida, sai dai ruwan sama ya kore ku daga tashe.

27/
Daren Sallah: uwa tana kan tuwo da miyar taushe, ƙafafun 'yan mata a ɗaure da lalle cikin leda, ana ta aika yaro wurin tela yana dawowa da "an ce saura maɓalli". Da safe bayan idi a ɗora mana kwanuka a kai mu rarraba wa maƙwabta, kowane gida a juye a zuba nasu, a ba ɗan aike tukuici.

28/
Sai kallon hawa. Mu da muka taso zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa a Janairun 2023, mun san turmutsutsun hanyar Garu, yaro a wuyan yayansa yana ƙirga dawakin hakimai. Hawan Bariki ma sunansa tarihi ne: ziyarar da sarakuna suke kai wa Bature a bariki ce ta koma ziyarar gwamna. Yanzu ɗansa, Sarki Hamim, yake hawa.

29/
Amma a wurina babban abin Sallah shi ne yawon Sallah. A haɗa yara biyar, shida, babbar cikinsu ba ta wuce sha biyu ba, a ce ku je ku gai da wance da wane. Babu babba a tare da mu. Mu shiga, mu durƙusa, a tambaye mu "'ya'yan gidan wa?", mu faɗa, a ba mu barka da Sallah. Da yamma a zauna lissafi, Umma ta ce kawo in ajiye miki. Har yau ba a ba mu ba, amma wannan zaren daban ne.

30/
Yawon nan shi ya koya mana taswirar gari da ta dangi. Kuma shi ya sa a Yalwawa, inda ba mu da jini da kowa, muka samu wasu iyayen. Matar maƙwabcinmu Bahaɗejiya ita muke kira Inna, kuma tana da ikon ta zane mu. Baƙin 1991 da suka rasa dangi a kusa sai suka ƙirƙiri nasu a layi.

31/
To yaushe abin ya tsinke? Ba rana ɗaya ba. Na farko, kakannin ƙauye sun tafi, kakannin yanzu su ne ma'aikatan 1991 da suka yi ritaya a nan Dutse. Gidan kakan 'ya'yana tafiyar minti goma ce a adaidaita. Ana zuwa a wuni, ba a zuwa hutu. Gonar ƙauye kuma an raba gado, wasu sun sayar.

32/
Sai ginin kansa. Gidan da ya tashi daga zaure da tsakar gida ya koma katanga da get da kwaɗo, mata da miji da 'ya'yansu kawai. Yaron maƙwabci sai ya ƙwanƙwasa. Ga tsoro kuma, mai dalili: tun da aka gano yaran Kano da aka sace aka kai jihar Anambra a 2019, wace uwa ce za ta saki 'yar shekara biyar yawon Sallah ba babba?

33/
2020 korona ta rufe makarantu tun daga Maris, wata da watanni, aka soke hawan Sallah. Yara da yawa a lokacin suka saba da wayar uwa, kuma ba su sake ta ba. 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Kai yara huɗu Gumel ko Haɗejia ka dawo da su ya zama abin da sai an yi shawara.

34/
Kuma wanda za ka kai wa ma yana lissafin kwanon masara. Da, idan ka aika yaro hutu ka aika hannu. Yanzu baki ka aika. Mutane suna jin nauyin juna, ba mai faɗa, sai dai a ce "bana dai ba su samu zuwa ba".

35/
Me ya cike gurbin? Lesin. Makarantun kuɗi suka gano iyaye za su biya a riƙe musu yara daga safe zuwa azahar, sai aka sa masa suna karatun hutu. Da yamma Islamiyya. Ɗan shekara huɗu yana ɗaukar jaka a Agusta. Ni ma ina biya, kuma ba don ABCD nake biya ba, don in samu awa huɗu in yi aikina ne. Duk uwar da ke karanta wannan ta san gaskiyar.

36/
Iyaye maza, a nan ina da magana da ku. Abban yara ya fita tun takwas, ya dawo bayan isha'i, ya tarar da falo a hargitse ya ce "wai me kike yi tun safe?" Ranka ya daɗe, aikin da kaka da gwaggo da matan baffanni da yayye biyar suke rabawa a gidan da ka taso, shi mace ɗaya take yi yanzu, wata ma da aikin ofis ko sana'a a kai. Mahaifiyarka ba ta fi ta juriya ba, ta fi ta mataimaka ne.

37/
Na ga wasu a layinmu sun fara dabara. Gida huɗu sun haɗa kai, kowace uwa ta ɗauki yaran duka rana ɗaya a mako, sauran ukun su sarara. Wata kuma ta ɗauko gwaggon mijinta daga ƙauye ta zauna musu hutun, ta ce sati biyu yaran suka daina neman waya da dare don tsohuwar ta iya Gizo. Na tambaya ko ana ba da aron gwaggon, aka ce layi ya yi tsawo.

38/
Mai mota kuma, Birnin Kudu ba nisa. Zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun can, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, yana nan, kuma yaran Dutse da yawa sun san gidan zu na Kano amma ba su taɓa jin labarinsa ba. Ko hawa duwatsun Garu da yamma a nuna wa yaro garinsu daga sama, ba ko sisi.

39/
Tashe dai ban san yadda za a yi da shi ba. Azumin 2025 a Maris ya faɗo, na 2026 kuma tun cikin Fabrairu, yara suna tsakiyar zango na biyu ga jarrabawa a gaba. A layinmu ƙungiya biyu kacal suka shigo mana a azumin 2025, su ma kafin tara an kira su gida. Sai wajen 2043 azumi zai sake dawowa cikin Agusta. Autana yana da shekara uku yanzu, lokacin ya haura ashirin.